SIRRIN SITUDIYO: Yadda ɗan manomi daga Ungogo ya koyi aikin sauti a gindin ubangida

Daga wakilinmu a Kano

Mai karatu, bari in tambaye ka mana. Yaushe rabonka da ka tsaya ka karanta sunayen nan da ke wucewa a ƙarshen fim? Na san amsar. Da zarar jarumi ya samu jarumarsa, ko an rubuto "mu haɗu a kashi na gaba", sai kowa ya miƙe ya kama gabansa. To, a cikin sunayen da muke juya wa baya akwai na wani bawan Allah da ake rubuta wa "sauti". Ba a sa hotonsa a fosta, ba a tare shi a hanya a ce a yi hoto, babu yarinyar da ta ajiye fuskarsa a wayarta. Amma duk ranar da ya yi sakaci kowa sai ya ji a jikinsa: ka ƙure murya ba ka jin abin da jaruma ke faɗa, can sai waƙa ta faɗo kamar za ta fasa maka lasifika.

Shin a ina waɗannan mutane suke koyon wannan aiki? Wa ke koya masu? Wannan tambayar ce ta sa na shafe kwanaki ina bin wani matashi ɗan garinmu a Ƙaramar Hukumar Ungogo, wanda yanzu shekararsa ta uku ke nan yana koyon aikin sauti a wani situdiyo da ke Titin Gidan Zoo a Kano. Shi da maigidansa sun nemi in sakaya sunayensu, na kuma yi masu alƙawari. Don haka a nan zan riƙa ce masa ɗalibin, shi kuma maigidan in kira shi Oga, kamar yadda yaransa ke kiransa.

DAGA KUNYAR GERO ZUWA GIDAN ZOO

Wanda bai san Ungogo ba zai ɗauka cikin gari ce kawai, saboda unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa sun riga sun haɗe da birni. Amma ƙaramar hukuma ce mai faɗin murabba'in kilomita 204, wadda a ƙidayar 2006 aka samu mutum fiye da 360,000 a cikinta. Da ka ɗan matsa arewa, wajen Fanisau inda Sarkin Kano ke da gida, ko Karo, ko Yadakunya, sai ka ga gona ta kama gona, gida a tsakiyar dawa da gero, ba wani fili da aka bari banza. Daga irin wannan wuri ɗalibin ya fito.

Ya gama sakandare, ba halin wucewa gaba. Abin da yake da shi kawai wata tsohuwar kwamfuta ce ta ɗan'uwansa, wadda aka sa wa manhajar FL Studio. Ya ce wata shida ya yi yana kallon darussa a YouTube, yana haɗa kiɗa da daddare idan an kawo wuta. Abokai suna ta zuga shi, wai ya gama zama makaɗi. Ranar da ya ɗauki kiɗan ya kai wa Oga, sai Oga ya sa a manyan lasifikokin situdiyo, ya saurara bai fi minti ɗaya ba ya kashe.

"Ƙanena, kana da hannu, amma ba ka da kunne tukuna. Idan za ka iya zama, zo gobe da safe."

A gida kuma rigima ce ta tashi. Mahaifinsa manomi ne, kuma a wurinsa situdiyo matattarar 'yan iska ce. Sai da wani kawunsa ya shiga tsakani aka yi sharaɗi biyu: da damina sai ya yi noma da safe kafin ya tafi, kuma magariba ta yi masa a hanyar gida. Haka ya fara, kullum hawa biyu ko uku na Adaidaita Sahu, ta Titin Katsina ya ratsa gari har kudancin birni.

TSINTSIYA KAFIN MAƁALLI

Idan kana tsammanin washegari aka zaunar da shi a gaban kwamfuta, to ka yi kuskure. Tsintsiya aka miƙa masa. Watanninsa na farko shara ne, da goge ƙurar hunturu daga jikin kaya, da sayo man jannareta, da karɓo wa mawaƙa shayi ko ruwan leda. Sai naɗe waya. Ya ce sati guda cur Oga yana warware wayar da ya naɗe yana cewa ya sake, domin wayar makirfo idan aka riƙa naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, zaren cikinta murɗewa yake yi, wata rana ana tsakiyar ɗaukar murya sai ta fara ƙara.

Ya yi fushi, har ya yi niyyar daina zuwa. Abin da bai gane ba a lokacin shi ne, duk wannan zirga-zirgar kunnensa na cikin ɗakin. Yana jin lokacin da Oga ke ce wa mawaƙi ya ja baya kaɗan. Yana jin yadda murya take kafin a taɓa ta, da yadda take komawa bayan an taɓa. Yana ganin yadda ake lallaɓa mawaƙiyar da ta maimaita baiti ɗaya sau goma har ranta ya ɓaci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Haka ake koyon ɗinki, haka ake koyon kanikanci. Makaɗan gargajiya ma haka suke: yaro zai shekara yana ɗaukar ganga, ya koma amshi, kafin wata rana a ba shi kalangu ya riƙe. Situdiyo dai gadon wannan tsari ya yi, kayan aikin ne kawai suka canza.

GADON DA SUKA TARAS

Don mai karatu ya gane inda aka fito, sai mun ɗan waiwaya. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa a Kano. A shekarun farko babu wani situdiyon kiɗan fim na musamman. Ana dogara ne da makaɗan gargajiya, da 'yan ƙalilan masu ƙaramin fiyano irin su Nasiru Gwale.

Kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna, al'amura sun juya ne a 1996, lokacin da kamfanin Iyan-Tama na Alhaji Hamisu Lamiɗo ya sayo fiyano ƙirar Yamaha PSR-220, wanda aka yi kiɗan fim ɗin Badaƙala na 1997 da shi. Daga baya aka samu PSR-730, mai ɗauke da sautuka masu kama da sarewa da ganguna irin namu. Da shi aka yi kiɗan Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, fim ɗin Ali Nuhu da Fati Mohammed, wanda waƙarsa ta cika gari tun ana tallarsa. A wannan shekarar ce kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa industiri sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Daga nan sai situdiyo-situdiyo suka fara tsirowa kamar ciyawar damina, kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su Cakewalk da FruityLoops, wadda a 2003 aka sauya wa suna zuwa FL Studio.

Abin lura a nan shi ne, yawancin makaɗan wancan zamani ba aji suka shiga suka koyi fiyano ko haɗa sauti ba. Wannan ya tsaya bayan wancan ya gani, shi ma wani ya tsaya bayansa. Sunaye irin su Alee Baba Yakasai, Muktar Kwanzuma da Ibrahim Danko duk masu kallon finafinan wancan lokaci sun saba ganinsu a ƙarshen kaset. Shi kansa Adam A. Zango da kiɗa ya fara a situdiyo kafin duniya ta san shi a matsayin jarumi. Oga ma ya ce haka ya taso, da shara ya fara a wurin nasa ubangidan, don haka bai ga dalilin da zai sa nasa yaron ya tsallake tsintsiya ba.

RANAR DA FITILA TA YI JA

Bayan kusan shekara, wata rana Oga zai fita ɗaurin aure, ga kuma 'yan amshi mata biyu sun zo. Sai ya ce wa ɗalibin ya zauna ya ɗauki muryarsu kafin ya dawo. Murna kamar ta kashe shi. Don ya burge, sai ya murɗa maɓallin shigar murya sosai, wai don sautin ya fito da ƙarfi. Yana ganin 'yar fitilar na'urar tana yin ja, ya ɗauka alamar aiki na kyau ce. Awa biyu suna rerawa, suka gama suka tafi.

Da Oga ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗora masa hedifon a kai, ya kunna wurin da matan suka ɗaga murya, ya maimaita masa sau biyar. A karo na uku ya fara jin abin: wata 'yar tsagewa a saman muryar, kamar ana yaga tsohon ƙyalle.

"Ka ji? To wannan babu boka babu malam. Kira su ka ba su haƙuri, kuɗin motarsu na gobe kuma daga aljihunka."

Bayanin abin shi ne, kowace na'urar ɗaukar sauti ta kwamfuta tana da iyaka, wadda ake nunawa da lamba 0 a saman ma'auni. Kamar kwanon awo ne: idan ya cika, abin da ka ƙara zubewa yake yi. Muryar da ta wuce iyakar nan ana datse kanta ne, kuma abin da aka datse ya tafi ke nan. Shi ya sa gwanaye ke barin sarari, su ɗauki murya ƙasa-ƙasa, daga baya su ɗaga ta yadda suke so. Ɗalibin ya ce ya sha jin wannan bayani a YouTube, amma bai shige shi ba sai ranar da ya biya kuɗin mota.

Daga ranar karatu ya fara gadan-gadan. Ya koyi cewa makirfon situdiyo, wanda ake kira kwandensa, ba ya aiki sai an tura masa wuta ta musamman mai ƙarfin bolt 48 daga na'ura. Ya koyi amfanin 'yar rariyar nan da ake sa wa a gaban makirfo: iskar da ke fita daga baki idan an furta "b" ko "f" ita take tarewa. Ya koyi cewa tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo ta fi duk wani gyara da za a yi a kwamfuta daga baya.

Sai maganar ikolaiza, wato na'urar da ke raba sauti kashi-kashi. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai girgiza sau 20,000. Na ƙasa shi ne mai kauri irin na ganga, na sama shi ne siriri irin na ƙararrawa. A muryar mutum, abin da ke ƙasa da 80 yawanci gurnanin banza ne, na mota ko na jannareta, don haka yanke shi ake yi. Akwai kuma wani gunji da wutar lantarki ke sakawa idan waya ba ta da kyau. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, to a daidai nan gunjin yake zama. Oga yana jin sa tun daga bakin ƙofa. Ɗalibin sai da ya yi watanni kafin ya fara kama shi.

Na tambayi Oga batun Auto-Tune, manhajar nan ta daidaita murya da ta fito a 1997, wadda yanzu da wuya ka ji waƙar Hausa babu ita. Dariya ya yi, ya ce ita kamar magi ce a miya: kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata, kuma ba ta mayar da ruwan zafi miya. Haka eko, wanda yara ke cika wa waƙa har a kasa gane baiti. A cewarsa, duk yaron da ka ga yana labta eko, wani aibi yake ɓoyewa.

LOKESHIN A ƘOFAR GIDA

Aikin sauti bai tsaya a waƙa ba. A industirinmu waƙa ake fara ɗauka a situdiyo, sannan a je lokeshin a kunna ta jarumai su bi da baki. Amma maganganun cikin fim a wurin ake ɗaukarsu, kuma nan ne aka daɗe ana kuka da mu. A zamanin kaset sau da yawa makirfon jikin kyamara kawai ake dogara da shi, shi ya sa idan jarumi ya yi nisa sai maganarsa ta nutse. Zuwan tashar Arewa24 a 2014, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So da suka yi tashe daga 2020, ya sa kunnen 'yan kallo ya waye. Yanzu da yawa da abin sa wa a kunne suke kallo a waya, komai ƙanƙantar ƙara sai sun ji.

Na bi su wani aiki da aka yi a wani ƙauye nan cikin Ungogo, ba nisa da gidan su ɗalibin. Shi ne ke riƙe da bum, wato doguwar sandar nan mai makirfo a kai. Aiki ne na ƙarfi da dabara: hannu a sama minti da minti, makirfo yana kallon bakin mai magana, kada ya leƙo cikin hoto, kada inuwarsa ta faɗa bango. Kuma dole ka haddace maganganun, don ka juya sandar kafin na biyu ya buɗe baki.

Mutanen birni suna ɗauka ƙauye shiru ne. Sa hedifon ka ji! Zakara, akuya, injin markaɗe, babur, iska a cikin karan dawa, ga kuma jirgi, tunda filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana kusa. Nan ne na ga ɗan ƙauye ya yi rana. Darakta ya so a ɗauki fitowa mafi muhimmanci da hantsi, ɗalibin ya raɗa wa Oga cewa lokacin ne mai injin niƙa ke tayarwa, kuma bayan la'asar 'yan Islamiyya za su cika hanya. Ya ba da shawara a yi tsakanin azahar da la'asar. Haka aka yi, aka samu shiru. Shi ne kuma ya je ya roƙi maƙwabta da "Inna" da "Baba" aka ɗaure awaki a bayan gida.

Da aka gama, sai Oga ya ce kowa ya yi tsit na minti ɗaya, aka ɗauki shirun wurin. Na yi mamaki. Ashe kowane wuri da irin shirunsa, kuma da shi mai editin ke cike giɓin da ke tsakanin maganganu, don kada sautin ya riƙa yankewa kamar ana kashe rediyo ana kunnawa. Ya kuma sa ɗalibin ya duba na'ura ya tabbatar tana kan 48,000, ma'aunin da ake ɗaukar sautin fim da shi, saɓanin 44,100 na faifan CD. Idan aka cakuɗa su ba a kula ba, sai ka ga baki na motsi daban, magana na fita daban.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada mai karatu ya ɗauka koyo a gindin ubangida alamar ci baya ce. A Ingila, Geoff Emerick ya shiga situdiyon kamfanin EMI da ke Abbey Road a Landan a 1962 yana matashi ɗan shekara 16, a matsayin ƙaramin mataimaki. A 1966, yana da shekara 20, aka damƙa masa aikin sautin faifan Revolver na mawaƙan Beatles.

Mu koma Indiya, wadda mu 'yan kallon Hausa muka fi sani. A.R. Rahman tun yana yaro yake kaɗa fiyano a ƙarƙashin manyan makaɗa irin su Ilaiyaraaja, kafin ya gina nasa situdiyon a gidansu a Chennai, ya yi kiɗan fim ɗin Roja a 1992. A 2009 ya ɗauki kyautar Oscar biyu da fim ɗin Slumdog Millionaire. A wannan daren kuma, da wannan fim ɗin, wani Ba'indiye mai suna Resul Pookutty ya samu Oscar ta haɗa sauti tare da abokan aikinsa biyu. Shi ɗan wani ƙauye ne a jihar Kerala, ya taso yana karatu da fitilar kananzir. Sai dai shi ya haɗa biyu: ya yi makarantar koyon fim ta Pune, sannan ya shiga fage. Da na ba ɗalibin wannan labari sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe ɗan ƙauye ma yana kaiwa can."

INDA GIZO KE SAƘAR

To, amma gaskiya ɗaya ce, tsarin namu yana da ramuka, kuma ba kowane yaro ke dacewa da Oga irin wannan ba.

Na farko, ɓoyon ilimi. Ɗalibin ya ba ni labarin abokinsa da ya shekara biyu a wani wuri, duk lokacin da aka zo miksin, wato haɗa muryoyi da kiɗa su zauna daidai, sai maigidan ya aike shi sayen kati. Tsoron maigidan kada yaro ya iya ya buɗe nasa ya ƙwace masa kwastomomi. Yaron nan ya bar wurin bai iya komai ba sai tayar da jannareta.

Na biyu, babu yarjejeniya. Tela da kanike suna da al'adar yaye yaro. A situdiyo da yawa babu ranar shiga, babu ranar fita, babu maganar ko sisi. Wani yaron shi zai yi aikin dare, a ƙarshen fim a rubuta sunan maigida shi kaɗai.

Na uku, gadon kuskure. Abin da ubangida bai sani ba yaro ba zai sani ba, abin da ya ɗauka daidai ne alhali kuskure ne, haka zai miƙa shi. Misali, kwalin ƙwai da ake mannawa a bango. Ba ya hana ƙarar waje shigowa. Abin da ke tare ƙara shi ne bango mai kauri da toshe duk wata kafa ta ƙofa da taga. Soso da labule masu nauyi kuwa amsa-kuwwar cikin ɗaki suke ragewa. A nan ne ilimin aji ke da rana. Ni da na yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha na san sunayen abubuwa da dalilansu, amma da aka ba ni bum minti uku hannuna ya fara rawa. Shi kuma ɗalibin hannunsa ya iya, dalilin ne wani lokaci ke ɓace masa. Wanda ya samu hali, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, duk a Jos. Wanda bai samu ba, ya riƙa karatu a wayarsa, ya zo situdiyo ya gwada.

Na huɗu, kuma wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 bai kamata a wuce awa 8 a cikinta ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Jijiyoyin ji idan suka mutu ba sa dawowa. Amma shiga situdiyoyinmu ka ga yadda ake ƙure lasifika don a burge mawaƙi. Oga yana da doka: a yi aiki ƙasa-ƙasa yadda za a iya hira, a huta bayan kowace awa, sannan a gwada waƙar a ƙaramar waya da rediyon mai shayi, don a nan jama'a za su ji ta. Ya ce manomi ba ya wasa da fartanyarsa.

RANAR DA BABA YA SAUKO

Saura labarin mahaifinsa. Shekara biyu bai taɓa tambayarsa me yake koyo ba. Sai ranar wani ɗaurin aure a ƙofar gidan mai unguwa. An tara jama'a, an ɗauko lasifika haya, liman na karɓar makirfo sai abin ya ɗauki wata irin ƙara mai huda kunne. Mai kayan ya murɗa nan ya murɗa can, abin sai ƙaruwa yake. Yara na dariya, manya na toshe kunne.

Ɗalibin ya tashi a hankali. Ya ga an ajiye lasifikar a bayan liman, tana fuskantar makirfo. Abin da ke faruwa shi ne, sautin da ya fita daga lasifika yana komawa cikin makirfo, ya sake fita da ƙarfi, ya sake komawa, yana ta zagaye. Ya ɗauke lasifikar ya kai ta gaba tana kallon jama'a, ya rage maɓalli ɗaya, ya roƙi liman ya matso da abin kusa da bakinsa. Shi ke nan. Aka ɗaura aure kowa na jin sadaki da sunan waliyyi tar.

Da daddare suna cin tuwo, mahaifin bai ɗago kai ba ya ce, "Wato abin da kake koyo ke nan a birnin?"

"Shi ne, Baba."

"To, Allah Ya yi albarka. Ka gaishe da maigidan naka."

Yanzu Oga yana bar masa ƙananan ayyuka shi kaɗai: tallar 'yan kasuwa, waƙoƙin biki, sautin gajerun finafinai. Sun yi magana a gaban kawun nasa cewa idan ya cika shekara huɗu za a yaye shi. Burinsa ya buɗe ɗan ƙaramin situdiyo a Ungogo, don yaran ƙauyukan nan su huta da hawa uku zuwa Gidan Zoo. Ya ce ya riga ya zaɓi ɗakin, can ƙarshen gari, nesa da mai injin niƙa.

Ga masu rubuto mana wasiƙu suna tambayar yadda za su shiga wannan fanni, shawarata ita ce: kafin ka zauna a wuri, tambayi yara nawa maigidan ya yaye, kuma ina suke yanzu. Ka je da babbanka a yi magana a fili, shekara nawa, kuma me za a koya maka. Ka riƙe littafi kana rubuta abin da ka gani kullum. Kada ka raina shara, amma idan shekara ta zagayo ba a bar ka ka taɓa maɓalli ba, nemi wani wurin. Kwamfuta da manhaja yanzu kowa na iya samu. Kunne kuwa sai ka zauna kusa da mai shi.

Kai kuma ɗan kallo, idan fim ya ƙare a daren yau, daure ka ƙara minti ɗaya ka karanta sunan mai sauti.